Manhajar PowerFactory a Ma'auni: Me Take Iya Gani a Layin Wutar da Iska ta Yi wa Yawa?

Tambayar da ake yi a ɗakin kula da babban layin wuta ba ta da tsawo. Nan da awa ɗaya zuwa shida, me zai iya lalacewa, yaya yiwuwar lalacewar take, kuma idan ta faru wuta nawa za a rasa? A da, lokacin da manyan janaretoci na kwal da gas da ruwa ke ɗauke da kusan dukkan lodi, ƙa'ida guda ta wadatar, wadda injiniyoyi ke kira N-1: a cire waya ɗaya, ko taransifoma ɗaya, ko janareta ɗaya, a ga ko sauran za su riƙe. Da zarar iska ta fara ba da kashi 40 ko 50 cikin 100 na wutar da ake sha a wani lokaci, ƙa'idar ba ta isa ita kaɗai. Wutar da za a samu ta koma hasashe. Nauyin ƙarfen da ke juyi a layin ya ragu. Sannan halin da tashar iska za ta nuna idan waya ta haɗu ba ƙarfe da tagulla ne ke yanke shi ba, umarnin da aka rubuta cikin inbata ne, wato na'urar lantarki da ke daidaita wutar injin kafin ta shiga layi.

PowerFactory manhaja ce ta kamfanin DIgSILENT, wanda aka kafa a 1985, mai mazauni a Gomaringen kusa da Stuttgart a Jamus. Tana cikin manhajoji ƙalilan da hukumomin kula da layin wuta ke dogara da su, kamar na Birtaniya da na Chile. Hukuncin wannan nazari a taƙaice shi ne: wajen auna girman ɓarna, da wuya a sami wadda ta fi ta tattara kayan aiki wuri guda. Wajen auna yiwuwar aukuwa kuwa, rabin aikin take yi, sauran rabin sai injiniya ya ɗinke da hannunsa. Haɗari kuma waɗannan biyun ne a ninke, yiwuwa sau ɓarna.

Abin da ya fi komai daɗi a cikinta shi ne rumbun bayanai guda ɗaya. Layin da aka zana sau ɗaya, da shi za a yi lissafin kwararar wuta, da lissafin haɗuwar waya, da cire kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, da kwaikwayon abin da ke faruwa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ba sai an kwashe bayanai daga wannan fayil zuwa wancan ba, kuma duk wanda ya taɓa neman kuskuren lamba ɗaya tsakanin fayiloli biyu ya san darajar wannan. Manhajar ta raba abubuwa uku da mutane kan cakuɗa: yanayin aiki na wani lokaci, wato lodi da abin da kowace tasha ke bayarwa; sauye-sauyen gini, kamar sabuwar waya da za a ja baɗi; da kuma tsarin binciken kansa. Sabon shiga yakan sha wuya a nan. Ya gyara ƙarfin wata tasha alhali wani yanayin aiki na kunne, gyaran ya tafi cikin wannan yanayin kaɗai, gobe ya buɗe wani ya tarar da tsohuwar lamba. Ba laifin manhajar ba ne, amma sai an ɗauki makonni kafin hannu ya faɗa.

Shigar da tashar iska

Tasha mai injina 80 ba a zana ta injin-injin idan babban layi ake bincike. Ana haɗe su su zama janareta ɗaya na kwatanci, a faɗa wa manhajar adadin injinan da ke jere, a sa taransifoma guda a madadin ƙananan, sannan a sa waya ɗaya da ke wakiltar wayoyin cikin tasha. Wannan waya ta ƙarshe ita ake yawan mantawa. Wayoyin ƙarƙashin ƙasa ko na cikin teku suna samar da wutar riƙe boltej mai yawa idan lodinsu ya yi ƙasa, don haka barin su a waje yakan ɓoye hauhawar boltej a daren da iska ta kwanta.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan mataki. Na farko, a bar tashar ba ta ba da wutar riƙe boltej ko kaɗan, sai lissafi ya nuna faɗuwar boltej da babu ita a zahiri. Na biyu, kuma shi ya fi muni, a ce ta riƙe boltej ba tare da an sa mata iyaka ba, sai ta zama gwarzon da ke ceton layi a kowane gwaji. PowerFactory tana da wurin shigar da jadawalin iyakar da injin zai iya, gwargwadon wutar da yake bayarwa da boltej ɗin da yake gani, tana kuma da mai kula da tasha wanda ke riƙe boltej a mahaɗar da tashar ta shiga babban layi. A cika su duka biyun daga takardun masu ƙera injin.

Akwai wani zaɓi a shafin lissafin kwararar wuta da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan iska ta ragu da megawat 600, wa zai cike giɓin? In ba a taɓa komai ba, janareta ɗaya da aka naɗa ya zama madogara shi zai haɗiye duka, wayoyin da ke kusa da shi su nuna lodin ƙarya. Manhajar tana ba da damar a raba giɓin bisa nauyin juyin kowane janareta, ko bisa yadda gwamnan kowane inji, wato na'urar da ke daidaita saurinsa, ke amsawa, ko bisa rabon da ɗakin kula ya tsara. Ukun nan hotuna ne na lokuta uku: daƙiƙar farko, bayan kamar rabin minti, da bayan mintuna. Waya na iya tsira a hoto ɗaya ta wuce ƙima a wani.

Sashen yiwuwa, inda gizo ke saƙa

Wutar da ke cikin iska tana tafiya ne da saurinta sau saurinta sau saurinta. Iska ta tashi daga mita 8 a daƙiƙa zuwa 9, wutar ta ƙaru da kusan kashi 42 cikin 100. Injin yakan fara aiki a wajen mita 3 zuwa 4, ya kai cikakken ƙarfi a wajen 11 zuwa 13, ya tsaya don kare kansa a wajen 25. Ma'ana kuskuren hasashe ba iri ɗaya ba ne ko'ina. A tsakiyar hawan nan, ɗan kuskure a saurin iska babban kuskure ne a megawat. A sama da 13, kuskuren mita biyu ba ya canja komai. Kusa da 25 kuwa, kuskuren mita ɗaya na iya zama bambanci tsakanin cikakkiyar wuta da babu, musamman a tsofaffin injina masu tsayawa lokaci guda. Kuma injin da ya tsaya ba ya dawowa sai iskar ta sauko sosai ƙasa da inda ta tsayar da shi.

PowerFactory tana da sashen lissafin yiwuwa. Ana ba kowace tasha da kowane lodi tsarin bazuwa, a faɗi yadda suke tafiya tare, manhajar ta yi ta jefa ƙuri'a ta hanyar Monte Carlo, kowace ƙuri'a da lissafin kwararar wutarta. A ƙarshe a sami amsa irin wannan: waya kaza tana wuce ƙima a kashi kaza na lokuta. Akwai kuma wani sashe na daban da ke auna ko janaretocin da ake da su za su ishi lodi, ya fitar da yiwuwar gazawa da matsakaicin wutar da za a rasa. Duka biyun suna aiki yadda ya kamata, sakamakon kuma yana fitowa a kan zanen layi da launuka, abin da ke sauƙaƙa yi wa shugabanni bayani.

Sai dai a kula. Na farko, tsarin bazuwa na Weibull, wanda hannu ke saurin kai wa, yana bayyana yadda iska take a shekara guda ne. Ya dace da mai tsara gini. Mai aikin yau ba shekara yake tambaya ba. Yana da hasashen da ya ce megawat 2,000 da ƙarfe shida na yamma, abin da yake so shi ne yadda kuskuren wannan hasashen yake bazuwa. Wannan sai an gina shi a waje, daga tarihin hasashe da abin da aka samu a zahiri, a rarraba shi bisa nisan lokaci da matakin wutar, sannan a shigo da shi. Kuskuren nan kuma yana da doguwar jela: manyan kurakurai sun fi yawa fiye da yadda tsarin bazuwa na yau da kullum ke nunawa, domin sau da yawa hasashe yakan gane guguwa amma ya kuskure sa'ar isowarta.

Na biyu, ƙuri'ar Monte Carlo ba ta san jiya ba. Kowace ƙuri'a hoto ce mai zaman kanta, alhali babban abin tsoro a iska shi ne gangara: megawat dubu su zube cikin awa ɗaya daidai lokacin da lodin yamma ke hawa, janaretocin gas kuma ba su gama ɗumi ba. Don wannan sai a koma sashen da ke bin lokaci mataki-mataki, kowane minti 15 ko awa ɗaya, a ba shi jerin yanayi masu bin juna da aka samo daga masu hasashen yanayi.

Na uku shi ne tafiya tare. Tashoshi biyu da ke tazarar kilomita 20 kusan iska ɗaya suke sha, masu tazarar kilomita 500 kuwa kowa da tasa. Wanda ya bar su kowace tana jefa ƙuri'arta daban zai ga kurakuransu suna kashe juna, haɗari ya fito ɗan ƙarami. Manhajar ta tanadi wurin sa wannan alaƙa, amma ba za ta matsa wa kowa ya cika ba. Akwai ma wata alaƙar da ta fi wannan ɓuya. Wayar da ke lalacewa sau biyu a shekara, yiwuwar ta lalace cikin awa mai zuwa 2 ne a raba da 8,760, wato kamar 0.00023. Wannan matsakaici ne. A ranar guguwa lambar takan ninka sau da yawa, kuma ranar ce tashoshin iska ke kan ganiyarsu, wayoyi cike, janaretocin gargajiya a kashe. Dole a ba manhajar lambar lalacewa ta ranar hadari dabam da ta ranar lafiya.

Batun yawan ƙuri'a ma lissafi ne da ya kamata a yi kafin a danna maɓalli. Don a kama abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu, da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ana buƙatar ƙuri'a kusan 100,000. Idan kuma aka ce za a bi awa 8,760 na shekara, kowace awa a cire kayan aiki 500 ɗaya bayan ɗaya, lissafi miliyan 4.38 ke nan. Ko da kowanne kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yake ci, kwana biyar ne cur a kan ƙwaƙwalwa ɗaya. PowerFactory tana iya raba aikin ga ƙwaƙwalen kwamfuta da yawa, tana kuma da hanyar tacewa da lissafi mai sauƙi kafin a yi cikakke a kan waɗanda suka nuna alamar matsala. A yi amfani da su. Amma a tuna lissafi mai sauƙin nan ba ya ganin boltej, kuma a layin da ke ɗauko wutar iska daga nesa, boltej ne kan fara gazawa kafin waya ta yi zafi.

Wani abu da ake yi shiru a kansa: lissafin da ya ƙi kammaluwa. A cikin dubban ƙuri'u, wasu za su dawo babu amsa. Jarabar ita ce a zubar da su a yi matsakaici da sauran. Sau da yawa waɗannan su ne ainihin yanayin da boltej ya durƙushe, wato su ake nema tun farko. A ƙirga su, a buɗe kaɗan daga ciki da hannu a ga dalili.

Bugun wuta da nauyin juyi

Anan manhajar ta fi nuna bajinta. Babban janareta na gargajiya yana juyi daidai da bugun wutar layi, wanda yake sau 50 ko 60 a daƙiƙa (Hz), kuma idan aka rasa wata tasha, nauyin ƙarfensa ne ke rage saurin faɗuwar bugun kafin kowa ya motsa. Injin iska na zamani yana bayan inbata, farfelarsa na juyi amma layi ba ya jin nauyinta sai an rubuta masa ya yi hakan. Lissafin a fili yake. A layi mai 50 Hz da ke da ajiyar juyi ta megawat-daƙiƙa 100,000, rasa megawat 1,000 zai sa bugu ya fara faɗuwa da 0.25 Hz a daƙiƙa. Ajiyar ta sauko zuwa 40,000, faɗuwar ta zama 0.625. Asara ɗaya, amma lokacin da wutar ko-ta-kwana ke da shi ya ragu fiye da rabi. Wannan ne ya sa tsibirin Ailan ya sa iyaka ga kason wutar da ke zuwa ta inbata a kowane lokaci, iyakar da aka ɗaga sannu a hankali har ta kai kashi 75 cikin 100 a 2022, bayan an shirya tashoshi su jure sauyin bugu na 1 Hz a daƙiƙa maimakon 0.5.

Kwaikwayon da ake kira RMS a PowerFactory yana bin wannan da matakin 'yan milidaƙiƙa, kuma yana da mai sa ido da ke rubuta duk inda bugu ko boltej ya ƙetare iyaka ko janareta ya fita daga sahu, ba sai an zauna ana duba zane ɗari ba. Sharuɗɗa uku ne kafin a yarda da sakamakon. A fara gudu na daƙiƙa 10 zuwa 20 ba tare da an jefa wata matsala ba. Idan layukan zane ba su miƙe sambal ba, akwai samfurin lissafi na wani inji da bai tashi daidai ba, duk abin da ya biyo baya shirme ne. A auna saurin sauyin bugu a kan tazarar kamar rabin daƙiƙa, domin a lokacin haɗuwar waya lambar bugu a mahaɗa takan yi tsalle na ƙarya. Sharaɗi na uku shi ne wanda ake yawan karyawa: idan an ƙara iska, a kashe janaretocin gargajiya da kasuwa za ta kashe, ba a rage musu wuta kawai ba. Janareta da ke kan kashi 40 na ƙarfinsa nauyin juyinsa bai ragu da komai ba. Binciken da ya ƙara iska ya bar dukkan janaretoci a kunne zai ce lafiya lau, kuma ba gaskiya ba ne. Manhajar tana da sashen zaɓen janaretocin da za a kunna, ana iya haɗa shi da manhajojin warware lissafi na Gurobi ko CPLEX don babban layi, ko da yake masu nazarin kasuwa sun fi komawa ga manhajar PLEXOS su kawo sakamakon.

Samfurin injin, da abin da ba ya ciki

PowerFactory tana zuwa da samfuran injinan iska na gama-gari, nau'i na 1 zuwa na 4 bisa ƙa'idar IEC 61400-27-1, da kuma na WECC da ake amfani da su a yammacin Amurka. Jawo su cikin aiki ba wuya. An yi su ne don gudu na daƙiƙa 10 zuwa 30, a ɗauka saurin iska bai canja ba, kuma don motsi mai jinkiri. Suna da kyau ga tashar da ba a gina ba tukuna. Ga tashar da ke aiki, a nemi samfurin masu ƙera injin, wanda galibi yakan zo a kulle, ba a ganin cikinsa.

Abin da ya faru a Ostireliya ta Kudu ranar 28 ga Satumba 2016 shi ne darasin da kowa ke komawa gare shi. Guguwa ta kayar da wayoyi uku masu kilobolt 275, boltej ya faɗi sau shida cikin kusan minti biyu. Injinan sun jure faɗuwar farko. Amma da yawansu suna da wani saiti na kariya da ke ƙirga sau nawa boltej ya faɗi, idan ya wuce adadi su janye. Tashoshi tara suka rage megawat 456 cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai, wayar Heywood da ke kawo wuta daga Victoria ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta yanke, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu, masu amfani da wuta kusan 850,000. Saitin nan ba ya cikin samfuran da hukumar kula da layin ke da su. Babu manhajar da za ta nuna abin da ba a faɗa mata ba. Amfanin PowerFactory a nan shi ne harshenta na DSL, wanda da shi injiniya zai iya gina wannan maƙirgi da kansa, ya liƙa shi a jikin samfurin, sannan ya jera haɗuwar waya biyar ko shida a gudu ɗaya. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya, muddin an samo lambobin daga mai tashar.

Na Birtaniya ranar 9 ga Agusta 2019 ya ƙara wani darasin. Tsawa ta faɗa kan waya mai kilobolt 400, na'urorin kariya suka share matsalar cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kamar yadda aka saba. Amma tashar Hornsea da ke cikin teku ta faɗo daga megawat 799 zuwa 62 saboda lilo a tsarinta na sarrafa boltej, tashar gas ta Little Barford ta bi baya, ƙananan janaretoci da ke cikin layukan rarrabawa suka fice da ɗaruruwan megawat domin na'urorinsu sun ɗauka an yanke su daga babban layi. Ko-ta-kwanan da aka tanada megawat 1,000 ne. Bugu ya sauka zuwa 48.8 Hz, aka yanke wa masu amfani fiye da miliyan ɗaya wuta. Waɗannan ƙananan janaretoci, a yawancin binciken babban layi, an narkar da su cikin lodi ne, ba a ganinsu. A fito da su, ko da a dunƙule a kowace mahaɗa, a sa musu na'urar kariyarsu.

Lilon Hornsea ya kai mu ga iyakar RMS. Inbata tana bin sawun boltej ɗin layi ne don ta san lokacin da za ta tura wuta. Idan layin ba shi da ƙarfi, turawarta na motsa boltej ɗin da take bi, kamar mai bin inuwarsa. Ana auna ƙarfin ne da rabon ƙarfin haɗuwar waya a mahaɗa da girman tashar. Mahaɗa mai MVA 1,500 da tasha mai megawat 300, rabo 5 ne, babu damuwa. A gina wata mai 300 a gefenta, su biyun suna cin tuwo ɗaya, rabon gaskiya ya koma 2.5, ko da yake kowace a takardarta 5 take gani. Waya ɗaya ta fita, ƙarfin ya sauko 1,000, rabon ya zama ƙasa da 1.7. Daga 3 zuwa ƙasa, a daina amincewa da RMS ita kaɗai, a koma kwaikwayon EMT, wanda ke bin ainihin siffar igiyar wuta da matakin mikrodaƙiƙa 10 zuwa 50. Haka ma duk inda tasha mai injin nau'i na 3 za ta iya tsintar kanta a ƙarshen waya mai kafasita a jere, irin abin da ya lalata kayan aiki a kudancin Teksas a 2009.

PowerFactory tana da EMT, tana ma iya gudanar da wani yanki da EMT sauran layin da RMS a lokaci guda, dabara mai rage lokaci sosai. Matsalar ta kasuwa ce. Hukumomi irin su AEMO a Ostireliya da ERCOT a Teksas samfurin wata manhajar dabam mai suna PSCAD suke nema, don haka shi masu ƙera injina suka fi tanada kuma suka fi gwadawa. Kafin a biya kuɗin sashen EMT, a tambayi kowane mai tasha a rubuce ko yana da samfurin da zai hau PowerFactory, da kuma fitowar shekarar da aka gwada shi a kai.

A ɓangaren kariya, inbata ba ta ba da amfiya mai yawa idan waya ta haɗu, kamar 1.1 zuwa 1.5 na ƙimarta, alhali janareta na gargajiya yakan ba da ninki biyar ko fiye. Fitowar 2016 ta ƙa'idar IEC 60909 ta yi la'akari da haka, manhajar kuma tana bin ta, amma sai an zaɓi nau'in tashar daidai a shafinta.

Ɗinke su wuri guda

Babu maɓalli ɗaya da zai ba da lambar haɗarin awa mai zuwa. Abin da ake yi shi ne a rubuta umarni da harshen kwamfuta na Python: ya ɗauko yanayin iska, a ce 200, kowanne da nauyin yiwuwarsa, ya sa a zaɓi janaretoci ga kowanne, ya tace da N-1, ya tura mafi muni zuwa RMS, ya mayar da kowane sakamako zuwa ma'auni ɗaya, misali megawat da za a yanke, ya ninka da yiwuwa ya tara. Ƙofar Python ta manhajar ta kai ga kusan komai, ana ma iya gudanar da ita ba tare da an buɗe fuskarta ba. Abin haushin shi ne sunayen ma'aunai gajeru ne masu wuyar tunawa, kuma kowace fitowa tana da jerin fitowar Python da take karɓa, don haka sabunta ɗaya na iya tsayar da rubutun da ke aiki jiya. Don gwajin da ke gudana kai tsaye a ɗakin kula kowane 'yan mintuna, akwai manhajojin da aka ƙera musamman, kamar DSATools na Powertech a Kanada, wanda a kansa Ailan ta gina nata tun 2010.

PowerFactory tana aiki a kan Windows. Ana sayar da ita sashe-sashe, farashi kuma ya danganta da sassan da aka zaɓa da yawan mahaɗai, sai an nemi a ba da shi. Lasisin ɗalibai yana da ƙarancin mahaɗai, ya isa koyo, bai isa babban layi ba. Tana karɓar fayilolin manhajar PSS/E da na tsarin musayar bayanai na CGMES, amma bayan shigowa a binciki samfuran da ba su sami takwara ba, domin janareta da ya rasa gwamnansa a hanya zai zauna shiru a cikin gwaji kamar lafiyarsa ƙalau. Ga aikin da aka bayyana a nan, mafi ƙarancin abin da za a saya shi ne tushen manhajar, sashen cire kayan aiki, sashen bin lokaci, RMS da ƙofar Python. Sashen yiwuwa yana da amfani, amma ƙungiyar da ke da mai rubuta Python za ta iya jefa ƙuri'unta a waje, ta ma yi tacewar farko da pandapower ko MATPOWER da ake samu kyauta, ta bar wa PowerFactory yanayi ɗari ko ɗari biyu da suka fi tayar da hankali.